Kafin ka zuba 'ya'yan kifi a sabon kwami, ka ba ruwan mako uku



Yau kwana 12 ke nan da wani matashi daga Zurmi ya kira ni bayan sallar isha'i, murna har a muryarsa. Ya ce, "Malam, yau anka ƙare filastan kwami. Na riga na tura ma mai ɗiyan kihi rabin kuɗi, ran Alhamis za a sako mani guda dubu cikin mota." Ranar kuwa Lahadi ce. Na ce masa, ƙanena, kashe wayar nan ka kira mutumin tun bai kwanta ba, ka roƙe shi ya riƙe maka kifinka mako uku, ko da zai ɗora maka kuɗin abincin da za su ci a wurinsa. Ya yi shiru. Na san abin da yake lissafi. Raguna biyu ya sayar ya yi ginin nan, abokai sun sani, mahaifiyarsa ta sani, ga shi wani ƙato daga Kaura yana ce masa ya zauna gadin ruwa har kwana 21.

Ni dai ra'ayina a kan wannan ba kwana-kwana. Mafi yawan 'ya'yan kifin da na ga sun mutu a hannun sababbin masu kiwo tsakanin Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, ba cuta ce ta kashe su ba, ba kuma mugun iri aka sayar musu ba. Ruwan da ba a shirya ba aka jefa su ciki. Kuma na faɗi haka ne don ni ma na yi.

A watan Afrilun 2019 na gina kwamina na farko a bayan gida, tsawo mita 3, faɗi mita 2. Maginin ya ce kwana uku ya isa, ai tankin ruwa ma haka ake yi masa. Na cika, na zubar sau ɗaya, na sake cikawa, ruwa garau har kana ganin yatsun ƙafarka. Aka kawo mini 'ya'yan tarwada dubu ɗaya. Daren farko suka yi ta tsalle suna bugun bango, ni kuwa ina cewa ma sha Allah, kifin nan akwai kuzari. Da safe na ga wasu sun tsaya cak a saman ruwa kamar an kafa tsinke, kai sama wutsiya ƙasa. Fatarsu ta yi fari-fari tana saɓulewa, gashin bakinsu ya lanƙwashe. Kafin kwana huɗu na kwashe sama da 700 da rariya na binne.

Wa na zarga? Kowa, ban da kaina. Na kira wanda ya sayar mini na gaya masa maganar da har yau nake jin kunyarta. A gida aka ce baki ne, don mutane sun yi ta shigowa kallo. Har tofi aka yi aka zuba. Sai da kawuna ya zo jaje, tsohon masunci ne da ya yi shekaru yana su a gulbin Gagare. Bai ko dubi kifin ba. Ya tsoma hannu, ya murza yatsunsa, ya ɗan lasa, ya tofar. Ya ce, "Ɗana, wanga ai ba ruwa ba na, kanwa ta. Ba ka ji santsi ba?" Bayan kwana biyu wani abokina da ya karanta aikin ɗakin gwaje-gwaje a Poli ta nan Kaura ya zo da 'yar takardar gwaji ya tsoma. Ta nuna sama da 10.

Bari in yi bayanin wannan lamba, don duk maganar a kanta take tafiya. Ana auna ruwa da wani ma'auni da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Abin da ya yi ƙasa da 7 ya karkata wajen tsami, kamar tsamiya ko lemon tsami. Abin da ya haura ya karkata wajen kanwa da ruwan toka. Tarwada ta fi sakewa tsakanin 6.5 da 8.5. Kuma kada tazarar ta ruɗe ka: kowane taki ɗaya ninki goma ne. Ruwan da ke 10 ya fi ruwan da ke 8 kaifi sau ɗari. Sabon siminti idan ya sha ruwa yana ta tsatso da sinadari irin na farar ƙasar da ake shafa wa bango, kuma ba ya gamawa a kwana uku. Ka dubi tafin hannun lebura mai kwaɓa siminti ba safa, yadda yake tsagewa. To wannan fatar ƙato ce. Ɗan kifin da bai kai tsawon ɗan yatsanka ba, a cikin ruwan yake kwana, ta cikinsa yake numfashi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, yawancinmu a nan mun yi kiwon kaji kafin kifi, kuma a can ba mu yin wannan ganganci. Wa ke zuwa ɗaukar 'yan tsaki bai share ɗaki ba, bai yi feshi ba, bai shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako ba, bai hura gawayi tun jiya ɗaki ya ɗauki ɗumi ba? Babu. Amma da an zo kifi sai mu ɗauka ruwa ai ruwa ne.

Siminti ma rabin matsalar ne. Da shi kaɗai ne, da mai tamfol da mai tankin roba sun huta, amma su ma suna kwashe gawa a mako na biyu da na uku. Rabi na biyun shi ne wanda mutane ba su cika sani ba, kuma a kansa nake so in daɗe.

Mai kaji ya san warin nan da ke tashi idan shimfiɗa ta jiƙe, mai shiga hanci ya sa ido hawaye. Sunansa amoniya. Kifi ma yana fitar da ita, mafi yawa ta jan naman nan na ƙarƙashin murfin kunnensa, wanda yake numfashi da shi. Ragowar abincin da ya nutse da kashin kifi su ma idan sun ruɓe amoniya suke zama. Abincin 'ya'yan kifi kuwa furotin ɗinsa kan haura kashi 40 cikin 100, kuma iya yawan furotin iya yawan amoniya. A ɗakin kaji ka buɗe taga iska ta kwashe. A kwami babu taga. Tana nan cikin ruwan, ba ta da launi, ruwan na iya zama garau alhali guba ce.

A gulbi da tafki Allah ya ajiye masu shara. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, abincinsu ke nan. Kashi na farko su cinye amoniya su mayar da ita wani sinadari da ake kira naitarayit, wanda shi ma guba ne. Kashi na biyu su cinye naitarayit su mayar da shi naitaret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, taki ne ma ga gansakuka da ganyaye. Ba sabon ilimi ba ne, tun wajajen 1890 wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya yi aikin ware waɗannan ƙwayoyi. Abu biyu ya kamata mai kiwo ya riƙe game da su. Na ɗaya, ba sa yawo cikin ruwa sosai, manne suke a bango da dutse da duk abin da ke jiƙe. Santsin nan da kake ji a bangon tsohon kwami, gidansu ne. Na biyu, suna da nawa. Bakteriyar da ke ɓata miya kan ninka kanta cikin ƙasa da awa ɗaya, waɗannan kuwa sai su shafe kusan yini ko fiye kafin ɗaya ta zama biyu. Sabon kwami ba shi da su. Ka zuba kifi dubu, ka zuba abinci sau uku a rana, babu mai shara ko ɗaya.

A Ingila da Amurka da sauran ƙasashen da ake ajiye kifin ado a akwatin gilashi cikin falo, irin wanda kan gani a wasu otal-otal na Kano da Abuja, wannan abu har suna gare shi, ciwon sabon tanki. Mutum zai sayi akwatinsa, ya cika ruwa, ya kunna matata, ya bar shi babu kifi mako huɗu zuwa shida. Kullum ya ɗan barbaɗa abinci a ruwan da babu kowa, ko ya ɗiga amoniya, don ya ciyar da ƙwayoyin. Yana gwadawa: amoniya ta hau ta sauka, naitarayit ya hau ya sauka, sannan ya je ya sayo kifinsa guda biyar ko shida. Kifin kallo fa, ba na ci ba, ba na sayarwa ba. Mu da muka sayar da raguna muka zuba jari, kwana uku ya gagare mu.

Ga inda abin ya fi muni ga mai sabon siminti. Amoniya a ruwa kashi biyu take, akwai mai sauƙi akwai mai kisa, kuma pH da zafi su ke raba gardama. A ruwa mai ɗumin digiri 28, idan pH na 7, mai kisan ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A 8 ta kai wajen kashi 6 ko 7. A 9 ta kai wajen kashi 40. Kifi iri ɗaya, abinci iri ɗaya, amma wanda bangonsa ke tsatso da siminti gubar da ke ruwansa ta ninka ta maƙwabcinsa sau da yawa. Ka haɗa da zafin bazarar Shinkafi. Abin da ya same ni ke nan a 2019, duka biyun suka haɗu mini.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha gaya mini. "Haba Malam, mu fa tarwada muke kiwo, ba kifin Turawa ba. Tarwadar da ake tonowa cikin taɓo da rai?" Gaskiya ne tarwada na da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take daɗewa a tire a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis tana motsi. Amma wannan juriyar ƙarancin iska ce. Ba ta hana kanwa cin fata, ba ta hana guba shiga jini. Kuma wadda ka gani a tire uwa ce, ta kai kilo. Taurin ran tarwada ma shi ke cutar da mu, don ba ta mutuwa nan take ta tona mana asiri. Sai ta daina ci, fata ta yi gyambo, ƙarfinta ya karye, cuta ta samu ƙofa, sai mu ce cuta ce. Waɗanda suka tsira kuma su tsumbure, ka kai wata biyar kana ciyar da kifin da ya ƙi girma.

Magana ta biyu ta fi ƙarfi, kuma zan ba masu ita rabin gaskiya. Suna cewa, mu ba mu da matata irin ta masu akwatin gilashi, canza ruwa muke yi, to mene ne amfanin jiran ƙwayoyi? E, haka ne. A kwamin da aka cika da kifi, ƙwayoyin da ke bango ba za su iya cinye duk amoniyar ba, canza ruwa shi ne babban makami har ranar da za ka kwashe. Shi ya sa ban ce mako shida ba. Amma ku duba inda muke. Nawa ne cikinmu ke da bohol da sola a gida? Wani da janareta yake ja, wani 'yan garuwa ke kawo masa, wani rijiyarsa kan ja baya tun watan Maris. Wanda ke gefen ruwa mai gudu ya iya zubarwa safe da yamma. Mu kowace jarka kuɗi ce. Bango mai rai da ruwa mai ɗan kore suna rage maka nauyi, musamman a makonnin farko da kifin ke ƙanana, abin da suke ci kaɗan ne. Wanda kuma ke da hali ya samu duro, ya cika shi da tsakuwa da fasassun tukwane ko murafun robar lemo, ya sa ƙaramin famfo ruwa ya riƙa bi ta ciki yana komawa kwami, ya yi wa ƙwayoyin unguwa guda. Sharaɗin dai ruwan ya riƙa gudu, don su ma iska suke buƙata, idan famfo ya tsaya yini guda sai su fara mutuwa.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma ba ni na ƙirƙiro ba, haɗe-haɗe ne daga masu kiwon da suka riga ni. Bayan filasta nakan bar shi kwana biyu ko uku ana yayyafi ya yi ƙarfi. Sannan in cika har baki, don duk bangon ya jiƙa, ba iya inda ruwan kifi zai tsaya ba. In jefa buhu da busasshiyar harawa ko guntayen karan dawa a ciki, in ɗora dutse. Mutanen kudu kututturen ayaba suke yankawa su zuba, har wasu sun ɗauka akwai wani sirri a jikin ayaba. Ni ban ga sirri ba. Abu ne mai ruɓewa da ke sakin ɗan tsami yana karya kaifin siminti, kuma babu dalilin da zai sa mutumin Moriki ya tafi neman ayaba alhali ga kara a bayan ɗakinsa. Bayan kwana 7 in zubar, in goge bango da buroshi mai tauri, babu Omo babu sabulu, in ɗauraye. In sake cikawa, kwana 5 zuwa 7, in gwada, in zubar. Ruwan nan biyu ba asara ba ne gaba ɗaya, a yi yayyafin tsakar gida ko a ba masu buga bulo, amma kada a ba dabba, na farkon kuma kada a zuba wa shuka.

Cikawa ta uku ita ce ta zama. Ruwa iya gwiwa ko ya ɗan haura. A nan nake rataya ƙaramin buhu da busasshen kashin kaji, ba na wuce rabin tiya a kwami irin nawa. Shi ne ke ba ƙwayoyin abincin farko, ya kuma tayar da kore. Kada ka ɗebo daga ɗakin da kaji ke ciwo ko ake ba su magani. Da ruwa ya fara kore sai in cire buhun. Koren da ake so shi ne wanda idan ka tsoma hannu har gwiwar hannu kana ɗan hango tafinka. Idan ya yi kauri kamar miyar kuka ya wuce gona da iri, da dare zai shanye iskar ruwan, da rana kuma ya tura pH sama, sai a rage sulusi a ƙara sabo. Idan kana da aboki mai tsohon kwami da ka tabbatar kifinsa lafiya lau, roƙi 'yan duwatsu ko tsakuwa daga ciki, ka kawo su a jiƙe cikin bokiti. Kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara ne. Amma sai wanda ka yarda da shi, don cuta ma ta wannan hanyar take tafiya.

Wata 'yar magana a gefe. Ruwan da zai zauna mako uku a cikin gida gidan sauro ne, kuma rami ne ga yara. A rufe da tsohon gidan sauro ko raga, a ɗora katako, a ja kunnen masu rarrafe da iyayensu. Ragar za ta kuma hana kwaɗi da mazari zuba ƙwai.

Ke uwargida mai tamfol ko tankin roba a tsakar gida, naki ya fi sauƙi amma ba ki tsira ba. Sabuwar tamfol tana da warin kamfani. A wanke da ruwan gishiri, a cika a bar shi kwana uku ko huɗu, a zubar, sannan a yi cikawar zama a ba ta kamar mako guda. A sa ta a inuwa, don tamfol a ranar Afrilu tukunya ce. Ruwan famfo idan ana sa masa sinadarin kulorin ya kwana biyu a buɗe kafin ya taɓa kifi, don abin da aka sa shi ya yi ke nan, kashe ƙwayoyi, bai san na kirki ba. Ruwan bohol kan fito da ƙarancin iska, a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama, idan kuma ya kwana ya yi ja-ja da wani yanayi kamar mai a samansa, akwai ƙarfe a ciki, a tara shi a wani mazubi ya kwanta tukuna. Na gulbi, Gagare ne ko Bunsuru, a tace shi da ƙyalle.

Duk lissafin kwanakin nan kintace ne. Da hunturu, Disamba zuwa Janairu, ruwa ya yi sanyi ƙwayoyin sun ƙara nawa, sai a ƙara haƙuri. Alƙali shi ne gwaji. Takardar gwajin pH ana samunta a shagunan kayan asibiti da na kayan gwaje-gwaje a manyan garuruwa, kuɗinta bai kama ƙafar buhun abinci ɗaya ba, kuma kwali ɗaya zai ishi mutum biyar. Ka gwada da sassafe, ka sake da la'asar. Wanda ya samu ruwan gwajin amoniya da naitarayit ya fi kowa. Idan duk babu, ga dabarar da na koya a madafa: mata sun san yadda kanwa ke juya launin zoɓo. Jiƙa soɓorodo kaɗan, ka ɗebi ruwan kwami a kofin gilashi, ruwan sha a wani, ka ɗiga digo biyu ko uku a kowanne. Idan na kwamin ya juya ya yi kore-kore ko duhu alhali ɗayan na nan da ɗan jansa, siminti bai gama ba. Ba ta ba da lamba, amma ta fi ido. Bayan wannan sai gwajin ƙarshe, ka samo 'ya'yan kifi 10 ko 15 ka saka, ka ba su kwana uku. Idan suna ci, suna nutsewa ƙasa, ba sa goga jiki a bango, to ka kira mai kifi.

Akwai wani dalili da ya sa mu mutanen wannan yanki ya kamata mu fi kowa tsanani a kan wannan. Littafi ya ce a zuba kifi da sassafe ko da yamma lis. To wa ke bin hanyar Kaura zuwa Shinkafi ko ta Zurmi da asuba ko bayan magariba a halin da muke ciki? Yawancin irin da muke samu daga nesa yake zuwa, Gusau, Funtua, Zariya, Kano. Dole motar ta taso rana ta fito, ta iso tsakanin azahar da la'asar, kifin ya sha awanni a jarka cikin ruwa mai zafi da ya cika da amoniyarsu. A galabaice suke isowa. Kifin da ya iso a haka ba shi da sauran ƙarfin da zai yi kokawa da ɗanyen ruwa. Kuma mutane da yawa sun koma kiwon bayan gida ne don gonar nesa ta gagara zuwa, jarin da ke cikin kwamin nan sau da yawa shi ne na ƙarshe.

Don haka idan sun iso, kada ka juye. Sa jarkar cikin kwami ta yi minti 20 zuwa 30 zafin ya daidaita, kana ɗan ƙara mata ruwan kwamin da moɗa, sannan ka kwashe kifin da rariya ka saki, ruwan jarkar ka zubar waje. Ranar ba abinci. Ka ma roƙi mai sayarwa tun farko ya hana su ci kwana guda kafin tafiya. Mako biyun farko ka riƙe hannunka, abin da za su cinye cikin 'yan mintuna kawai. Kuma don Allah a daina zuba kafso da garin maganin kaji a ruwa tun ranar farko wai rigakafi. Maganin kashe bakteriya ne, zai iya shafe ƙwayoyin da ka yi mako uku kana reno.

Ka sa ido sosai a mako na biyu zuwa na uku bayan zubawa, lokacin ne naitarayit kan hau, don kashi na biyu na ƙwayoyin sun fi na farko jinkiri. Alamarsa kifi su yi lakwas suna yawan hawowa sama, idan ka ɗaga murfin kunnen wanda ya mutu ka ga naman ya koma ruwan ƙasa maimakon ja. Jinin ne ya kasa ɗaukar iska. A dakatar da abinci yini guda, a canza sulusin ruwa ko rabi, a narka gishirin girki kamar kilo 1 ga kowace lita 1,000, don gishiri na tare wa naitarayit hanyar shiga jikin kifi. Lissafin lita ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa a mita, sannan sau 1,000. Nawa 3 sau 2 sau 0.6, lita 3,600 ke nan, gishiri kilo uku da rabi. In an canza ruwa, gwargwadon abin da aka zubar ake mayarwa. Bango kuwa, in dai ba cuta aka yi ba, a bar masa santsinsa, ƙasan kawai ake sharewa.

Masu sayar da iri, ku ma ina da ƙorafi a kanku, duk da na taɓa zaluntar ɗayanku. Tambaya ɗaya ce, ba ta cin kati: kwamin nan yaushe aka gama shi, ruwa nawa ya sha? Wanda ya karɓi kuɗin sabon shiga bai yi wannan tambayar ba, ya sayar sau ɗaya ne, gobe kuma sunansa ne zai ɓaci a majalisa, don babu mai cewa ni na kashe kifina. Haka masu rabon tallafi da ke miƙa wa matasa tamfol da jarkar kifi rana ɗaya a gaban kyamara. Ku ba da tamfol yau, kifi bayan kwana goma. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi ƙanen nawa na Zurmi, washegari ya kira mai kifin. Mutumin ya yarda, ya ce ma gara haka, zai ba shi waɗanda suka ƙara tasawa ya cika ɗan abin da ya hau. Abokansa sun sa masa suna mai gadin rijiya. Shekaranjiya ya zubar da ruwan farko ya goge bango, jiya da la'asar ya turo mini hoton takardar gwaji daga ruwa na biyu, tana wajen 9. Ya ce, "Malam, ai ta sauka, ko in ce a sako su?" Na ce a'a, ya bar shi zuwa Talata ya zubar, ya yi cikawa ta uku, ya nemo kashin kajin tun yanzu ya shanya.